Kuregen Agege

Taku goma sha biyu ne lambuna,
daga bangon banɗaki zuwa katangar layin dogo.
Da ƙafata na auna, ranar da na ajiye almakashi,
na ce wa Ta-Sallah: ɗinki ya ƙare, saura noma.
Ta yi dariya har ta zubar da koko.

Daga Malumfashi irin gyaɗar ya zo,
ƙulle a tsumma, cikin motar albasa.
Na binne shi bayan ruwan fari,
na jera kuɓewa, na dasa tumatir a tsofaffin tayoyi,
gwanda guda a kusurwa tana gadi.

Sai ga baƙo.
Kuregen garinmu rami yake shiga,
ka toshe ƙofa ɗaya, ka tsare ɗaya da sanda.
Na Ikko ɗan birni ne:
ta wayar lantarki yake zuwa aiki,
wutsiya a sama, saurin mai tsallaka titin Oshodi,
ya dira kan mangwaron Iya Morenike,
ya leƙo, ya ƙirga kunyoyina.

Da ci yake yi, da na ce rabonsa ne.
Ina! Tumatir ɗaya, cizo ɗaya, ya yar,
ya koma na gaba, mai taya kaya ba ko sisi.
Gyaɗa kuwa tun ba ta tsira ba ya tone,
ya bar mini ɓawo kan turmi, wai rasit.

Na barbaɗa barkono, ruwan Yuni ya wanke,
ni na yi atishawar.
Na rataya gwangwanayen madara a igiya;
wanda ya girma cikin ƙarar janareta,
ina ruwansa da gwangwani?
Na sa wa sanda tsohuwar rigata da hula,
da asuba na same shi bisa hular
yana karya kumallo.
Kyanwar da na aro wurin Ɗanjuma mai shayi
ta dubi katanga, ta dubi inuwa, ta zaɓi barci.

Mai facin taya ya ce, "Baba, sa magani."
Na dubi kajin maƙwabta, na dubi jikana Zubairu
da komai ya tsinta sai baki,
na ce a'a.
Ya ce, "To kama mini shi, ina da manja da attarugu."

Na haɗa tarkon waya, na sa ƙuli-ƙuli.
Kwana tara shiru. Ran na goma, Talata,
jirgin safe na wucewa, ƙofa ta faɗa.

Ban taɓa ganinsa kusa ba.
Ashe ba shi ba ne, ita ce:
nonuwa a jere, an sha an ja,
ƙirji na bugawa kamar kekena
in salla ta ƙarato.
Can cikin mangwaro, wani siririn kuka.

Ta-Sallah na tsaye bayana da tsintsiya.
Ba ta ce uffan ba.
Shekara arba'in, na san irin wannan shirun.
Na ɗaga ƙofa.
Ko waiwaye babu, balle na gode.

Yanzu tumatir cikin gidan sauro yake kwana,
tsohon namu, mai faci uku.
Gwanda mun raba: na sama nata.

Jiya mai gidan haya ya zo karɓar kuɗinsa,
ya tsaya kan tukunyar furensa yana tambaya
wa ya shuka masa ciyawa.
Na duƙa. Ganye huɗu-huɗu, fure rawaya.
Ga wata gindin famfo, ga wata bakin kwata,
wata can ƙetaren katanga tsakanin duwatsun dogo,
inda ƙafata ba ta taɓa takawa ba.
Gyaɗar Malumfashi ta kama Agege,
ba da hannuna ba.

Na ce masa 'yar ƙodago na ɗauka.
Ya ce nawa nake biyan ta?
Na ɗaga kai wajen wayar lantarki.
Na ce, "Bari kawai, Alhaji. Tsada gare ta."